Hannun Ɓare Tattasai

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa a birnin Skopje, Velika ta ɓoye hannunta mai karkarwa, tana fargabar aikin dasa na'urar tsayar da karkarwa da za a yi mata a ka. Wani tsoho a gefenta ya nuna ƙoƙon kansa.

"Baiwar Allah, kada ki yarda su dasa miki 'yar na'urar nan. Ni ta cuce ni."

"Ciwo take sa ka, Baba?"

"Ina fa! Karkarwar ce ta tsaya cak. Da, in ana gasa tattasan shekara, ina kwance a inuwa abina. Bana matata ta dire min buhu guda, wai in ɓare."

"To, a kashe maka ita mana."

Ya ɗaga yatsunsa jajaye, ko rawa ba sa yi.

"A kashe? Haba! In sake barin matar tawa da tattasai ita kaɗai?"