Ɗorin Kawu

Tun da Malam Nata'ala ya ga yatsun 'yarsa Hafsat sun kumbura ya san akwai sauran rina a kaba. Yana zaune a bencin asibiti, an shiga da ita ɗaukar hoton ƙashi, sai wata dattijuwa mai filasta a hannu ta dube shi.

"Malam, me ya sami hannun yarinyar nan taka?"

"Santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya, Hajiya, ta dafa ƙasa, tsintsiyar hannu ta karye. Mai ɗori ya ɗaure da kara."

"Ya ɗaure ko ya shaƙe? Yatsu suna baƙi kana kallo?"

"Cewa ya yi idan wani ya kwance ɗaurin da ba nasa ba, ƙashi ba zai kama ba."

"Kai kuma ka yarda. Wane marar imani ne wannan?"

"Kawuna ne, a Kabara. Shi ya yi mini ɗori ina yaro. Da wane ido zan kalle shi in na kwance?"

"Wato kunyar kawu ta fi hannun 'yarka na dama? Haka na biye wa maigidana, shi ma mai ɗori ne, ƙarshe sai da likita ya sake karya ƙashin hannun nan nawa ya daidaita."

"A sake karyawa? Jarrabawa fa ke gabanta."

"Ka roƙi Allah abin ya tsaya nan."

Nata'ala ya zuba wa ƙofar ɗakin hoton ido. Ba a fito da Hafsat ba tukuna, kuma babu wanda ya san ko yatsun nan za su sake riƙe biro.