Takalman Gwaggo a Sabon Gari

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Rukayya ce daga Kwaciri, bana na gama jami'a.

Ina haɗa tarihin ƙungiyar ƙwallon mata da Gwaggona ta buga wa wasa tana budurwa. Ba zan faɗi shekarar ba, don ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar, takalman ƙwallonta ba su taɓa kwana gidanmu ba. Mai tsaron ragarsu, Ngozi, ke ɓoye mata su a Sabon Gari, don kada kakanmu ya gani.

Yanzu Gwaggo tana kwance ba lafiya. Jiya ta ce, "'Yar nan, ban taɓa gode mata ba."

Wanda ya san inda Ngozi take, don Allah ya sanar da shirin nan. Ina tsoron kada in makara.