Bakin da Na So In Ɗaure

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da ni, tsoho ne ni, maganata ba ta sauri.

Sunana Labo, ina noman rani a Jiratawa. Manyan cikinku sun san abin da nake kafin Ubangiji ya kira ni. Na yi karatun allo, na iya ajami, amma ban tsaya inda malaman kirki suke tsayawa ba. Na shiga tsubbu. Ina rubutun ɗaure baki, ina na haukatarwa. Ran da aka yi mini baftisma na ƙone kayan aikin duka a gaban jama'a. Sai dai wuta ba ta ci abin da ke cikin kaina ba.

Ɗana na fari soja ne. Ba zan kama sunansa ba, mu ce Kaftin. Abin ya faru a shekarun da jam'iyyu suka cika ƙasa, albashi ba ya zuwa kan lokaci, kowa kuma ya sami bakin zagin mai kaki. Yana riƙe da sojoji a bariki nan Maradi. A ƙarƙashinsa akwai wani ajidan, wato babba a cikin ƙananan hafsoshi, mutum mai furfura, wanda ya mai da shingen hanya gonarsa. Kaftin ya gargaɗe shi bai ji ba, ya sa aka kulle shi a gaban ƙananan sojoji.

Ba a daɗe ba wata mata mai suna Rabi, bazawara daga Sabon Gari da ke sayar da abinci a ƙofar bariki, ta kai kuka wurin kumandan. Ta ce Kaftin ya kira ta biro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya kama mata zane, ya ce in ta ƙi shi zai kore ta daga wurin sana'arta.

Gari ya ɗauka! Ban ga laifin mutane duka ba, don akwai masu kaki da ke yin haka da gaske, mata da yawa sun haɗiye nasu sun yi shiru. Amma ba ɗana ba. Wata ƙaramar jarida mai shafi kaɗan ta zana shi da kan bunsuru. Matarsa ta daina zuwa kasuwa. Aka dakatar da shi, ya koma gidansa a unguwar Zariya yana zaune da farar riga kamar mai takaba.

Manya suka zo daga Yamai bincike. Babu shaida ko ɗaya, maganarta ce da tasa. Dangin Rabi suka ce a yi rantsuwa a huta, limamin bariki ya tsaya. Aka ce Kaftin ya dafa littafinsa ya rantse. Ya ƙi.

Na same shi a gida, na ce, “Kai, me ya shiga kanka? Ba ka yi ba, ka rantse mana!”

Ya ce, “Baba, kai ka koya mini Ubangiji ya hana mu rantsuwa. Na ce musu ban yi ba. Ba ni da abin da ya fi wannan.”

Na ce, “Na koya maka a majami'a ne, ba a gaban masu neman wuyanka ba!”

Ya dube ni kawai, ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni, amma fushi ya fi ta ƙarfi.

Kun san garinmu. Wanda ya ƙi rantsuwa ya amsa laifi ke nan a idon jama'a. Ni kuma na san abin da ke biye, tun daga karatuna na dā: in wanda ake tuhuma ya ƙi, rantsuwa ta koma kan mai ƙara. Aka sa ranar Juma'a. In Rabi ta dafa Alƙur'ani, an cire wa ɗana galo, alamar muƙaminsa, sunansa ya mutu har jikokinsa.

'Yan'uwa, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Ina ban ruwa ina ganin fuskarta a cikin kwalbati. Na ce kafin Juma'a sai harshenta ya naɗe. Na so ta fito tsakiyar kasuwa tana yaga zanen da ta yi ƙarya da shi, yara suna bin ta da jifa. Abin da na so ke nan, ba zan gyara shi don ina tsaye a gabanku ba.

Na hau mota zuwa Tibiri, inda babu ɗan majami'ar da zai gan ni, na sayi allo da ƙaro da alƙalami. Ashe mai rumfar tsohon abokin tsubbuna ne.

Ya ce, “A'a! Malam Labo na Yesu! An dawo gida ke nan?”

Na ce, “Ba ni kayana in wuce.”

Ya yi dariya, ya ce, “Ai na san za ka zo. Na masu coci addu'a ce, tana ɗaukar lokaci. Namu kuwa kafin Juma'a an gama. Bar kuɗinka, Malam, goron dawowa ne.”

Na koma gona da rana tsaka, na zauna ƙarƙashin mangwaro, na dama tawada. Babu harafi ɗaya da na manta. Na ɗora allo a cinya, na tsoma alƙalami, hannu ya tafi. Da na duba abin da ya fito a layin farko, sai na ga: Da sunan Yesu.

Tun da na tuba, duk addu'ar da zan rubuta da ajami haka nake fara ta. Hannun ya saba, bai nemi shawarata ba.

Na zauna ina kallon sunan nan, tawada ba ta bushe ba. In rubuta haukan Rabi a ƙarƙashinsa? Ko in sa ruwa in wanke shi don in sami wuri? Na ɗebo ruwa a tafin hannu. Na kasa zubawa. Wayyo ni!

Na kife a cikin albasa ina kuka. Addu'ata ba mai daɗi ba ce. Na ce, “Ubangiji, ka ga ƙaryar nan ko ba ka gani ba? Ka ɗaure mini hannu, to, kai ka rama! Ka tone su, ka kunyata su a inda suka kunyata shi. In ba ka yi ba, ban san da wace fuska zan ƙara kiran sunanka a garin nan ba.” Na karya alƙalamin, na kifar da tawadar a ƙasa.

Juma'a ta zo. Na tsaya a bayan mutane. Ajidan yana gefe, ya harɗe hannu. Rabi ta yi alwala, liman ya ajiye Alƙur'ani a gabanta, ya ce, “'Yata, kin san abin da za ki taɓa.” Ta miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama. Wanta ya ce, “Dafa mana, me kike jira?”

Ta janye. Ta ce, “Ba shi ba ne. Wallahi bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba.” Ta nuna ajidan. “Wancan ne. Shi ya yi mini abin da na faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya ce in ɗora wa Kaftin, in ba haka ba ya san gidanmu.”

Haleluya! Bakin da na so in ɗaure, shi kaɗai ne a duniya zai iya wanke ɗana. Da na rubuta abin nan, da ni na binne shi da hannuna, na kuma ƙara wa wadda aka zalunta zalunci.

Na ga ran da aka cire wa ajidan galo, jandarmomi suka sa shi a mota. Na matsa kusa don ya gan ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, har yau in na tuna ina jin daɗi. Fasto ya ce sai na gafarta masa. Ina kan hanya, ban iso ba, ku sa ni a addu'a. Jaridar nan ba ta taɓa ba da haƙuri ba. An mai da Kaftin aiki, amma aka tura shi arewa mai nisa, uwarsa ta rasu ba ya kusa. Wannan ma na kai ƙararsa gaban Ubangiji, ina jira.

Na gode wa Allah da ya wanke ɗana. Na fi gode masa da ya riƙe hannuna. Duk wanda aka yi wa ƙazafi a cikinku, kada ya taɓa makami, na ƙarfe ko na tawada. Ka kai kukanka da zafinsa, kada ka sanyaya shi. Ubangiji yana ji, kuma ya fi ka sanin wanda ya kamata a buga. Ku dogara gare shi. Amin.