Wasiƙar Kaka Za Ta Aji

Hajiya Rakiya na jiran motarta a wani gareji a titin Gate City Boulevard, can ƙasar Turawa, sai ga wani mutum cikin babbar riga, rungume da tsohuwar takarda.

"Malam, ɗaurin aure da safiyar Talata?"

"Lakwal za ni, Hajiya, makarantar yara. Bara malamar 'yata ta ce Afirka ba ta san rubutu ba sai zuwan Turawa."

"Rigima za ka yi ke nan?"

"Ina! Tun a lokacin na kai mata wasiƙar kakana ta ajami daga Damagaram, ta ba yara haƙuri. Bana da kanta ta gayyace ni in karanta wa ajin."

"Ikon Allah! 'Yar taka fa?"

"Mounira? Da ko gaisuwa da Turanci take amsawa. Yau ita ce tafintata!"