Gonar da Babu Sawu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai ceto. Da ajami na rubuto shaidar nan, don shi hannuna ya saba da shi tun ina yaro a Wurma. In kun ji na tsaya, ido ne ya yi rauni.

Ina saurayi na bi kawuna gabas neman abinci. Tafiya ta miƙa har muka faɗa kudancin Oman, ana yaƙi. 'Yan kwaminis suna bisa duwatsu, suna cewa a rushe sarauta a raba dukiya daidai. Sarki kuwa Turawan Ingila da sojan Iran ne a bayansa. Mu ba ruwanmu da ko ɗaya. Jakai muke kora, muna kai wa sojan sarki ruwa.

Hanyoyin duk an binne nakiya. Doka ɗaya ce: inda na gabanka ya ɗaga ƙafa, nan za ka sa taka. Wata safiya kawuna ne a gaba. Abin da muka tsinta nasa, a buhu muka binne shi.

Na dawo gida da ƙafafuna biyu, amma ba sa taka ƙasar da babu sawu. Na karɓi Almasihu a Dutsin-Ma, na auri Saratu, abin bai sake ni ba. Kun san yadda ake shuka a wurinmu: namiji a gaba yana sara da sungumi, mace a baya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Mu juyawa muka yi. Maƙwabcina Ɗanjuma kan leƙo daga kan iyaka ya ce, "Sannu da aiki, maigida Saratu. Amaryar taki ba ta gaji ba?" Ita kuma ta ce, "Bar ta, ta fi taka cika rumbu."

Bara ciwon gwiwa ya kwantar da Saratu. Ruwan shuka ya sauka, 'ya'ya duk suna birni. In laima ta wuce babu gero, babu abin da za mu ci. Na tsaya bakin gona da sungumi. Ruwa ya shafe kowane sawu, har na akuya. Rana ta ɗaga ina nan tsaye.

Saratu ta sa aka kawo ta a amalanke, aka zaunar da ita gindin gawo. Ta ce, "Malam, ni dai na gama shiga gabanka. Sai ka roƙi wani."

Na durƙusa. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, kai ne makiyayin da ke shiga gaban tumakinsa. Shiga, in bi." Ban ga komai ba, ban ji murya ba. Na ɗaga ƙafar dama na ajiye. Ƙasa ce kawai, mai sanyi. Na sara rami, na sake takawa. Da na kai ƙarshen gona sai na dawo na zuba iri.

Damin geron da na kawo baiko ga Ubangiji yau, daga wannan gonar ya fito. Godiya ta tabbata ga Ubangiji. Duk wanda ke tsaye a bakin tasa gonar, ya dogara gare shi, ya ɗaga ƙafa. Amin.