Kwatar Ƙwayar Mama

Auta: Salamu alaikum. Yaya, ina wuni?

Yaya: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Auta. Ya gida, ya su Mama?

Auta: Ya aiki? Ya yara?

Yaya: Duk lafiya. Ina kantin magani, mutane na jirana. Na ce ya su Mama?

Auta: Muna asibiti tun jiya da safe.

Yaya: Muryarki na yankewa, matsa kusa da taga. Waye ba lafiya?

Auta: Mama. A kicin ta faɗi. Likita ya ce jininta ne ya hau, ɓarin dama ya shanye. Ba ta magana.

Yaya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maganinta fa? Ban taɓa fashin aikowa ba. Ƙwaya ɗaya kullum, da hannuna na rubuta a jikin kwalin.

Auta: Tana sha. Kwata take sha.

Yaya: Kwata? Wa ya ce mata?

Auta: Ba kowa. Baba ne ya yi kukan jiri, kin san shi da ƙin asibiti, sai ta riƙa ba shi rabi. Da Gwaggo ta dawo gidan da ciwon kai, sai ta ƙara rabawa. Ta huɗun maƙwabciyarmu ce mai ɗinki. Na tarar da faranti a bayan kofuna, ta jera su huɗu-huɗu.

Yaya: Ƙwayar nan ƙarama ce, wuƙa farfasa ta take yi. Da me take yankawa?

Auta: Yaya, bar wannan.

Yaya: Da me?

Auta: Da ɗan abin yanka ƙwayar da kika kawo mata. Shuɗin nan.

Yaya: Na makon farko ne, da likita ya ce ta fara da rabi. Ni na koya mata. Har yaba mata na yi, na ce hannunta ya fi na ma'aikatana.

Auta: Ai tun muna yara ta ƙware. Ƙwai ɗaya, mu huɗu, ba wanda ya taɓa cewa an ƙware shi.

Yaya: Kullum na tambaya sai ta ce, "Maganinki na aiki, duk mun ji sauƙi." Ban taɓa tambayar ita da su wa ba.

Auta: Baba na baranda, ya ƙi shigowa. Cewa yake shi ya sha rabonta.

Yaya: Likita ya ce za ta tashi?

Auta: Ya ce mu yi haƙuri a gani. Takarda yake kallo da ya faɗa.

Yaya: Ta ci wani abu?

Auta: Na ba ta biredi ɗazu. Ta ɗora a cinya tana ta fama da shi da hannun hagu. Na zaci ci za ta yi. Ashe raba shi take son yi, matar gadon kusa take kallo.

Yaya: Kara mata wayar a kunne.

Auta: Ba za ta amsa ba.

Yaya: Na sani. Kara mata.

Auta: To, ga ta. Katina ya kusa ƙare...

Yaya: Mama, ni ce. Biredin nan naki ne, ki cinye shi duka. Kin ji, Mama? Duka. Mama? Auta?