Tagar Inna Tela

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban jami'a da muƙarrabansa, malamanmu waɗanda yawancinsu mun haife su, 'yan uwana ɗalibai masu furfura da masu rina ta, da 'ya'yanmu da suka zo su tabbatar muna shiga aji: assalamu alaikum.

Ni mai sayar da kwan fitila ne a kasuwa, ɗan ajin ƙarshe. An ce in yi godiya a madadin ɗalibai kan buɗe wannan sabon reshe, kuma godiya na zo yi.

Da farko, muna godiya da girma. Jami'ar da ta fara da ɗakuna biyu a saman benen kasuwa, ƙasanta mai faci, gefenta mai niƙa, yau ga ta da rassa ko'ina, yau ga ta da ginin da sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensa. Masha Allah!

Na biyu, muna godiya da nisa. An zaɓa mana wuri mai tsit, babu hayaniya, babu mai niƙa, babu kowa. Da safen nan, da motar haya ta wuce gidan ƙarshe, direba ya waiwayo ya ce, "Baba, karatun ne a nan, ko gona ka saya?"

Na uku, tagogi. Jama'a, ku dube su! Gilashi tun daga ƙasa har sama, ba a buɗewa, ba a rufewa. Na leƙa, na ga ciyawa shar, ana yi mata wanka. Ciyawa mai ladabi, ba ta taya kaya, ba ta neman ragi.

To a nan zan ɗan tsaya, domin mun ji ƙishin-ƙishin cewa za a rufe tsohon benen, a kwaso mu nan.

Ranka ya daɗe, ka san yadda muke karatu a can? Ba a zaɓar kujera don allo, don taga ake zaɓa. Kowa yana zama inda zai hango rumfarsa. Mai faci taga ta farko, ni ta tsakiya, ta kusurwa kuwa ta Inna Tela ce, ga ta can zaune da jan mayafi. Keken ɗinkinta yana ƙasa daidai saitin tagar, ba ta da mai tsare mata, kuma da shi take ciyar da jikoki.

Ran nan malam yana tsakiyar bayani, sai Inna ta zura kai waje: "Baiwar Allah, kada ki tafi! Rigarki na rataye bayan labule, gwada ki gani!"

Malam ya ce, "Inna, in ci gaba?"

Ta ce, "Ci gaba, ɗana, kunne ɗaya ai naka ne."

Da kunne ɗayan nan ta haye kowace jarrabawa. Zango ɗaya ya rage mata ta sa rigar digiri, wadda ma ta riga ta ɗinka abarta. In aka rufe tagar nan, an ce mata ke nan ta zaɓa: ko keke, ko karatu. Kuma kun san jikoki ba sa cin takarda.

Don haka roƙonmu ɗaya ne. Ku yi ta gina rassa, ku gina har mu rasa ƙirga su, amma ku bar mana benenmu, da ƙurarsa, da mai niƙansa, da tagoginsa masu buɗuwa.

Allah Ya ɗaukaka wannan jami'a, Ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu, Ya kawo mana ciniki tsakanin darasi da darasi, Ya mai da kowa gida lafiya, musamman waɗanda suka sallami direba. Na gode ƙwarai.

Sai dai, ranka ya daɗe, in an rufe benen, mu kuwa ba mu iya baro rumfa ba, waɗannan kyawawan kujeru, ciyawar ce za ta zauna a kansu?